Lokutan shekara a Hausa: nawa ne, kuma da me ake gane shigowar kowanne?

Tambaya: Ina koyar da 'yan aji biyar a firamare. Littafin da muke aiki da shi ya ce lokutan shekara biyu ne, damina da rani. Wani littafin ya ce huɗu ne, ya jera su wata uku-uku kamar na Turawa. Tsofaffi kuma na ji suna lissafa biyar, wasu har shida. Wanne zan koya wa yara, kuma wace rana kowanne yake kamawa?

Amsa: Malama, mai cewa biyu da mai cewa shida duk suna kan hanya, abin da kowa ya duba ne ya bambanta. Na tsakiyan nan, mai yanka shekara gida huɗu daidai wa daida, shi ne zai rikita miki yara, don an auna rigar ne a jikin wani aka kawo mana. Sunayen lokuta a Hausa suna faɗin halin da sama da ƙasa suke ciki ne, da aikin da ke hannun mutane, shi ya sa babu ɗayansu da ke da ranar shiga a kalanda. Damina ba ta san 1 ga Yuni ba. Ranar da ruwa ya zauna ita ce ranarta, kuma ta Zariya daban, ta Damagaram daban, ta bana daban da ta bara.

Tushen abin duka iska biyu ce. Ɗaya tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, busasshiya ƙayau. Ɗayar tana tasowa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, ɗauke da laima. Inda suka yi karo akwai wata iyaka da ke tafiya arewa da kudu tana bin rana. A watan Janairu iyakar tana can kusa da gaɓar teku, ƙasar Hausa duka tana hannun busasshiyar iska. Daga nan sai ta riƙa hawowa a hankali, har a Agusta ta kai wajen digiri 20 arewa da layin da ya raba duniya biyu, cikin hamada, sannan ta juyo da sauri fiye da yadda ta hau. Ruwa ba ya sauka a kan iyakar kanta, sai can bayanta da ɗaruruwan kilomita, inda iska mai laima ta yi kauri. Wannan shi ya sa damina take riga isa Kaduna kafin Kano, Kano kafin Maraɗi, kuma take riga barin arewa. Zariya takan sami ruwan da ya haura milimita 1,000 a shekara, Kano wajen 800 zuwa 900, Damagaram wajen 400, Agadas ba ta kai 200 ba. Kalma ɗaya ce, damina, amma a wani wurin wata biyar ce, a wani wurin wata biyu da 'yan kwanaki.

To, mai lissafin biyu ya duba ruwa kaɗai: ana yi ko ba a yi. A bakinsa rani shi ne duk abin da ba damina ba, tun daga ɗaukewar ruwa a Oktoba har faɗuwarsa. Da wannan ma'anar ake cewa noman rani da cin rani. Amma rani yana da ƙaramar ma'ana kuma, wato tsakanin ƙarewar sanyi da shigowar bazara, lokacin da tafkuna suka ƙafe, ciyawa ta zama ƙaiƙayi, rijiya ta yi nisa. Idan kika ware kaka a farkon ranin nan mai faɗi, kika ware bazara a ƙarshensa, kin sami huɗu. Ki fitar da hunturu daga tsakiya, biyar ke nan. Mai shida ya ƙara agazari, ko kuma ya ba marka nata gurbin. Ga 'yan aji biyar, biyar ɗin nan su ne daidai: bazara, damina, kaka, hunturu, rani. Sai ki gaya musu cewa tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma gefunansu suna shiga juna.

Bazara ce ta fi shan wahala a hannun masu rubuta littattafai, don haka bari in daɗe a kanta. Tana kamawa wajen tsakiyar Maris zuwa Mayu, a arewa har cikin Yuni. Zafi kaɗai bai isa ya sa a ce bazara ta shigo ba, don a ƙarshen rani ma ana zafi. Abin da ya raba su laima ce. Zafin rani busasshe ne, gumi yana fita yana bushewa nan take, da dare kuma gari yakan ɗan huce. Da iskar kudu ta fara kutsowa, sai zufa ta daina bushewa a jiki, dare ya ƙi sanyi, ɗaki ya gagari kwana, gajimare su fara taruwa da la'asar su watse ba su yi komai ba. A Afrilu zafin rana a Kano yakan kai digiri 38 zuwa 40, a Sakkwato yakan haura haka. Itatuwa da yawa suna toho tun ruwa bai taɓa ƙasa ba. Gawo kuwa nasa a juye yake: yana da ganye shar duk rani, damina na gabatowa sai ya kakkaɓe, shi ya sa amfanin da aka shuka a ƙarƙashinsa ba ya rasa hasken rana. Shamuwa, wadda ta yi ranin a ƙasashen kudancin Afirka, takan dawo ta fara sheƙa a kan itatuwan gari. Manomi kuma yana sharar gona, yana toyi, yana kai taki. Waɗannan su ne alamun bazara, kuma yaro zai iya ganinsu da idonsa.

Iyakar bazara da damina ita ce wurin da kuskure yake da tsada. Hadarin farko yakan haɗo daga gabas, ba daga kudu inda laimar ta fito ba, saboda iskar da ke can sama ita ke tura shi yamma. Gari ya yi tsit, gabas ta yi baƙi ƙirin, a ji cida daga nesa, sannan wata iska mai sanyi ta taso da jar ƙura ta rufe ko'ina, ƙofofi suna bugawa, kaji suna neman maɓuya. Wani lokacin bayan duk wannan hayaniya yayyafi kawai za a samu, ƙasa ta yi ƙamshi, shi ke nan. Wannan ruwan bazara ne. Ruwan shuka daban yake, kuma Hausa ta raba matakan da fi'ili: ruwa ya sauka, damina ta faɗi, damina ta zauna. Tsakanin saukar ruwa da zaman damina ana iya yin mako uku ko fiye. Masana aikin gona na yankin Sahel suna da ma'aunin da suke amfani da shi: a sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a cikin kwana 30 da suka biyo baya kada a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa. Ki lura da rabin na biyu, ba a sanin an cika shi sai bayan wata guda, wato ko masana ma sai damina ta zauna suke tabbatar da ranar da ta fara. Manomi ba shi da wannan sararin, sai ya tona ƙasa da hannu. A jigawa, idan danshi ya kai zurfin taƙi guda, ana iya jefa iri. Idan yatsa biyu ne kawai ya jiƙe, iri zai tsiro, rana ta ƙone shi, a sake sayen wani. Mai yin binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, wannan cacar yake yi: in ruwan farko mai yawa ne ya riga kowa, in yayyafi ne iri ya ruɓe a rami. Magabata sun yi maganar mai wanka da kashi don ganin hadari, kuma a nan maganar ta fi zama daram. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen faɗuwar damina da ɗaukewarta na kowace jiha a farkon shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana yin irinsa ga yankin baki ɗaya. Abin da suke bayarwa tazarar kwanaki ce, ba rana guda ba.

Cikin damina, marka ita ce tsakiya, galibi Agusta. Ruwanta ba irin na farko ba ne mai iska da tsawa. Yakan wuni yana zuba a hankali, rana ta yi kwana biyu ba a gan ta ba, shanya ta ƙi bushewa, gishiri ya jiƙe a cikin kwano, katangar ƙasa ta sha ruwa ta zube. Zafin rana yakan sauko wajen digiri 29 ko 30. A nan ne ya kamata yara su ji bambancin sanyi da ɗari, don kalmomin sun fara cakuɗewa a bakin 'yan birni. Sanyi na laima ne, irin na marka ko na ruwan randa. Ɗari busasshe ne, na iskar hunturu, mai fasa leɓe da dunduniya. Ana iya kiran ɗari sanyi, kowa zai gane, amma wanda ya ce ana ɗari a Agusta ya yi ɓaranɓarama.

Agazari gajere ne, daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. Ruwa ya fara ja da baya, gajimare sun ragu, rana ta dawo da ƙarfinta a kan ƙasa mai laima, sai a sami wani zafi mai naci da raɓa mai yawa da safe. Shi ne ke nunar da hatsi, kuma a daidai nan zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane. Kaka tana biye, kuma ita sunan aiki ce fiye da sunan yanayi: tana farawa da girbin gero, ta ƙare da na dawa wajen Nuwamba zuwa Disamba, har ta shiga cikin hunturu. Idan yaro ya tambaye ki ko Nuwamba kaka ce ko hunturu, ki ce masa duka biyun, ɗaya a gona, ɗaya a sama.

Hunturu sunan iskar ne, kuma sunan lokacinta, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Ita ce hazon da ke sa rana ta zama kamar farin faifai har a kalle ta da ido, jirage su kasa sauka. Laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Da asuba a Kano awon zafi yakan sauko wajen digiri 13, a Jos ƙasa da haka saboda tudu, amma da azahar ya koma kusan 30. Rashin laima da gajimare ne ke barin zafin ƙasa ya tsere sama da dare. Bushewar nan ce ke kawo faso da haɓo da tari da gobara, kuma daga nan har ƙarshen bazara ne ake fargabar sanƙarau.

Yanzu ga inda lissafin huɗu daidai wa daida ya samo asali, don ba Turawa kaɗai suka kawo shi ba. Malaman hisabi suna da lissafin taurari 28 da suka karɓo daga Larabawa ta Arewacin Afirka. Kowane tauraro kwana 13 ne, in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Ana raba su bakwai-bakwai. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, suna kamawa daga wajen ƙarshen Mayu. Ki ƙirga kwana 92 daga nan, za ki ga daminar taurari ta ƙare a ƙarshen Agusta, alhali a Zariya ana ruwa har Oktoba. Lissafin yana da amfani, don yana tafiya da rana, ba ya zamewa daga shekara zuwa shekara, kuma manomi yana iya cewa shukar da ta wuce tauraro kaza ta makara. Sai dai an gina shi a kan watannin Ajami, waɗanda suke bayan kalandar da muke amfani da ita da kwana 13, kuma wanda bai san haka ba yakan ɗora kwanakin a kan kalandar bango ya sami kuskuren tauraro guda cur. Daga cikin taurarin akwai wanda yara za su iya gani, Surayya, wadda Hausa ke kira kaza da 'ya'yanta. Tana ɓacewa daga sararin yamma wajen farkon Mayu, ta sake bayyana a gabas kafin fitowar rana wajen tsakiyar Yuni.

Manoma kuma suna da nasu ƙirgen watanni, wanda ke farawa bayan kaka. Shi ne ake nufi a karin maganar nan, watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Watan bakwai ɗin nan yana faɗawa wajen Mayu. Ba Yuli ba ne, ba kuma Rajab ba, kuma dalibai da yawa a nan suke tuntuɓe. Watannin Musulunci ba su da alaƙa da lokutan shekara ko kaɗan, don shekararsu kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, sai ta zagayo cikin kimanin shekara 33. Azumin 2015 ya kama a tsakiyar Yuni, na 2025 a farkon Maris, na 2030 zai kama a Janairu cikin ɗari. Don haka yaron da ya rubuta cewa ana azumi da bazara ya faɗi abin da ya gani a 'yan shekarunsa ne kawai.

Su Turawa abin da ya raba musu shekara tsawon yini ne da sanyi. A Landan yinin ƙarshen Yuni ya haura awa 16 da rabi, na ƙarshen Disamba bai kai awa 8 ba. A Kano, da take digiri 12 arewa, bambancin bai kai awa ɗaya da rabi ba: kusan awa 12 da minti 50 a Yuni, awa 11 da minti 25 a Disamba. Saboda haka sunayenmu ba sa hawa kan nasu. Kaka ta yi kusa da lokacinsu na zubar ganye, don su ma girbi suke yi. Hunturu ana aronsa ga lokacin sanyinsu, ya kuma karɓu, ko da yake nasu jiƙaƙƙe ne mai dusar ƙanƙara. Matsalar tana ga bazara. Wasu littattafai sun ba ta lokacinsu na fitowar furanni, Maris zuwa Mayu, saboda watannin sun yi daidai, alhali su a lokacin iska mai daɗi suke sha, mu muna neman inuwa. Masu labarai kuma sukan ce hutun bazara ko kasuwar 'yan wasa ta bazara suna nufin Yuni zuwa Agusta, lokacin da mai sauraro yake tsakiyar marka. Kalma ɗaya ta ɗauki lokuta biyu na wasu, ta bar nata. Mafita a rubutu ita ce a ambaci wuri da wata, a ce lokacin zafi na Turai, daga Yuni zuwa Agusta. Ko a Afirka ta Yamma ma sai an yi hattara: a Legas da Kumasi ruwa yakan ɗan tsagaita a Agusta, damina ta rabu biyu. A Ostireliya kuwa Janairu ce tsakiyar zafi.

Harshen yau da kullum ya riga littafi riƙe duk wannan, kuma nan ne darasin zai fi yi wa yara daɗi. Gaisuwa tana juyawa da shekara. A hunturu a ce yaya sanyi, a amsa lokacinsa ne. Bayan an kwana ana ruwa a ce yaya ruwa, a amsa ruwa ya yi gyara, ko da kuwa ya rushe wa mai amsawar katanga. Sunaye irin su Anaruwa, Marka, Nomau da Ciwake suna faɗin lokacin da aka haifi mai su tun ba a rubuta ranar haihuwa. Makiyayi yana faɗin shekarun saniya da damina. Akwai kuma tarko ɗaya a rubutu: fari na rashin ruwa, fari na launi, fari jam'in fara, da fari na farko, duk harufansu ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su a baki. Jimlar "fari ya cinye amfanin gona" tana bukatar yaro ya duba fi'ilin, don in ƙwarin ne sai a ce sun cinye.

Idan kina son su gane da hannunsu, kayan aiki biyu sun isa. Na farko sanda mai tsawon mita ɗaya, a kafa ta a miƙe a fili mai lebur, a duba da igiya mai dutse a ƙasa don a tabbatar ba ta karkace ba. Sau ɗaya a mako a auna inuwarta a lokacin da ta fi gajarta, wanda a Kano yake faɗawa tsakanin 12:10 da 12:40, ba ƙarfe 12 daidai ba. Wajen 21 ga Disamba inuwar za ta kai santimita 70, tana nuna arewa. Wajen 21 ga Afrilu za ta ɓace a gindin sandar, rana tana tsakar ka. A Yuni za ta koma kudu da kamar santimita 20, ta sake ɓacewa wajen 21 ga Agusta. Daga nan tambaya mai kyau za ta fito da kanta: rana tana tsakar ka a Afrilu da Agusta duka, me ya sa ɗaya ake ƙuna ɗaya ake neman mayafi? Amsar gajimare ne da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kuma ki kawar musu da zancen cewa zafi yana zuwa ne don duniya ta matso kusa da rana. A farkon Janairu ta fi kusa da ita, muna tsakiyar ɗari. Karkatar duniya da digiri 23 da rabi ita ce ke yawo da inuwar.

Na biyu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Bokiti ba zai yi ba, don bakinsa ya fi gindinsa faɗi, zai nuna ruwa fiye da wanda aka yi. A ɗora shi a kan turke, a ɗaure don iska, nesa da gini ko itace da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, kada ya sha ruwan indararo ko ganye ya tare masa. Kowace safiya a lokaci guda a tsoma rula a karanta, a rubuta, a zubar. In aka bar shi har azahar rana za ta shanye wani abu daga ciki. Milimita ɗaya a gwangwanin daidai take da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. A gefen kowane adadi yara su rubuta kalmar da suka ji manya sun kira ruwan ranar da ita, yayyafi ne, tsattsafi ne, ruwan shuka ne, ko kamar da bakin ƙwarya, da kuma amsar da aka ba su da suka yi gaisuwa da safe. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, kada a bar gurbin fayau, don da sifilan nan ne za su ƙirga ko an yi fiye da kwana bakwai a jere ba ruwa, su fitar da ranar da daminar garinsu ta zauna a shekarar.